A bar yaranmu su yi kuskuren haraji tun a aji

Yaranmu da ke karatun akanta a jami'o'in Jidda da Makka ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, wallahi wani in ya fara zubo maka ƙa'idojin haraji sai ka riƙe baki. Amma ka tura masa tulin fatura, wato takardun shaidar ciniki, na wata uku kace ya haɗa abin da za a miƙa wa ZATCA, wato hukumar zakka da haraji da kwastam ta Saudiyya, nan take zufa ta karyo masa, sai kaji "Kawu bari in tambayo tukuna". Abin nan yana ci min rai sosai, don ilimin yana nan, hannu ne kawai bai taɓa aikin ba.

Kuma harkar haraji a Saudiyya ba ta jiran kowa. An shigo da VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kayan da aka saya, a 2018 kashi 5, a Yulin 2020 ya koma kashi 15, a Disambar 2021 aka wajabta fatura ta kwamfuta, to yaron da haddar littafi kaɗai ya sani ina zai sa kansa?

Shi yasa nake goyon bayan malaman da ke mayar da aji kamar ofis. A ƙirƙiro kamfani na gwaji, ace shagon turare da dabino ne, a raba ɗalibai wannan akanta, wannan mai shago da ya zo da rasit a cukurkuɗe cikin leda wasu ma sun goge, wancan kuma jami'in haraji mai tambayar ƙwaƙwaf. Sai a basu ranar ƙarshe kamar da gaske, tunda a waje in wa'adi ya wuce baka miƙa ba tarar daga kashi 5 take har 25 na harajin da ake binka.

A nan ne ƙananan abubuwa ke fitowa fili. Kaya riyal 1,150 da haraji a ciki, nawa ne harajin? Da yawa sai su cire kashi 15 na duka kuɗin su ce 172.5, alhali 150 ne. Wanda ya tafka wannan a gaban abokansa aka gyara masa ba zai sake ba, kuma ba dukiyar wani bawan Allah ce ta salwanta ba. Haka zai koyi cire harajin da shago ya biya wajen saro kaya daga wanda ya karɓa a hannun masu saye, ya kuma san cewa sai cinikin shekara ya haura riyal 375,000 rajistar VAT ke zama dole.

Ni dai wajen da na fi so a matsa musu shi ne magana da mai shago. Dattijo sa'an babanka yana ce maka "ɗana rage min lissafin nan mana", kai kuma ka iya ce masa "Baba kayi haƙuri, doka ba ta yarda ba" cikin ladabi ba tare da muryarka ta yi rawa ba. Iyayenmu na unguwar Shari'a Mansur a Makka masu 'ya'ya a wannan fanni, don Allah in kuna da shago ku ba yaran tsofaffin faturarku su riƙa gwadawa a gida lokacin hutu.