Tarihin Rayuwata (17): Ranar da na je da ƙafata

Marigayi Baba ba ya gajiya da cewa zuwa da kai ya fi saƙo. Maganar ce ta faɗo mini a ranar da makarantar da na nema ta gayyace ni intabiyu don karatun MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci. Sun ba ni zaɓi: ko a yi ta bidiyo, ko in je harabar da kaina.

Yaya ya ce a yi ta bidiyo, hira ta minti 30 ba ta cancanci doguwar tafiya ba. Ban ga laifinsa ba, shi ya san nauyin da ke kansa tun rasuwar Baba. Wanda har yau raina yake sosuwa idan na tuna shi ne ogana na wancan lokaci. Wasiƙar shaida biyu ake nema, na roƙe shi ɗaya tun saura wata biyu, bai tura ba sai daren da za a rufe. Da na je godiya, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce: "Irin waɗannan makarantu ba don irinmu aka gina su ba." Ni kuwa sau biyu na zauna jarabawar GMAT, wadda ake yi don neman shiga karatun MBA, lokacin makinta daga 200 zuwa 800 ne, kuma duk karatun da dare na yi shi bayan na gama masa aikinsa. Shekaru bayan haka shi da kansa ya kira ni yana neman shawara kan ɗansa. Na ba shi, amma wannan sai wani makon.

Na isa ana gobe intabiyu. Wata ɗalibar shekara ta biyu ta zagaya da mu, sannan aka ba mu izinin zama a bayan aji, da sharaɗin kada mu ce uffan. Kujerun a jere suke hawa-hawa, sun yi rabin da'ira, kowane ɗalibi da sunansa a kati a gabansa. Farfesan bai yi lacca ba. Tun daren jiya kowa ya karanta labarin wani kamfani da ya shiga matsala, shi kuma sai ya nuna mutum ba zato ya ce: "Kai ne manaja, me za ka yi?" Wannan salon jami'ar Harvard ta Amurka ce ta yaɗa shi tun shekarun 1920, ita ma daga makarantar lauyoyinta ta aro. Wanda aka fara kira ya ce a rufe reshen da ke asara. Wata ta kawo lissafin da ya rusa hujjarsa. Na zuba ido in ga zai yi musu. Sai ya duba takardarsa, ya ce ita ce da gaskiya, bai lura da wannan layin ba. Farfesan ya rubuta maganar a allo, aka ci gaba.

A daren nan na ajiye amsoshin da na haddace.

Washegari matar da ta yi mini intabiyu takardar CV ɗina kawai ke gabanta. Ta tambayi me ya sa MBA, me ya sa yanzu, me ya sa makarantarsu. Na uku ya zo mini da sauƙi, don ajin jiya na ba ta labari, ba abin da ke cikin ƙasidarsu ba. Sannan ta ce in faɗa mata lokacin da na gaza. Amsar da na shirya a da ita ce wai yawan aiki ne matsalata. Sai na ba ta labarin sito. Na canza tsarin rajistar kaya daga kan teburina, na aika wa ma'aikatan sito takarda, ban taka na je na ga yadda suke aiki ba. Kaya suka maƙale mako uku. Abin da ya fi ciwo, kwana biyu na yi shiru ana ɗora laifin a kan wani ƙaramin ma'aikaci kafin na buɗe baki. Ɗan Baba guda, da ya tashi yana jin zuwa da kai ya fi saƙo, shi ne ya aika takarda.

Ta ajiye biro, ta ce: "Shi ma'aikacin, ka nemi afuwarsa?" Na ce na nema, a gaban waɗanda suka zarge shi. Ta rubuta wani abu gajere.

Da na fito na zauna a kan wani benci a gaban laburare, hannuna na rawa. Na kira Yaya. Bai tambaye ni yadda ta kasance ba, cewa ya yi Inna tun asuba take kan sallaya, in fara magana da ita.