Tazara guda bayan waƙafi

Yau a wurin aikinmu nan Birnin Kebbi NiFi, manhajar da ke kai bayanai daga wani tsarin kwamfuta zuwa wani, ta hana wani ƙanena shiga, satifiket ɗinshi, wato shaidar da kwamfuta ke gane shi da ita, lafiya lau burauza ta karɓa amma ana ce mai ba shi da izini, yaron nan har zufa yake. Da muka jera sunan da ke jikin satifiket da na cikin authorizers.xml, fayil ɗin da ake rubuta wa NiFi sunan wanda za ta ba izini, ashe tazara guda ce bayan waƙafi ta raba su. Muka gyara, muka goge users.xml da authorizations.xml, fayilolin da NiFi ke ajiye sunayen masu shiga da izininsu, don ta sake rubuta su da sunan da muka gyara, aka sake kunnawa sai ga shi ciki.

Ya ce "Yaya wallahi na zata ni ne ban iya ba." Maganar nan ta tsaya min a rai, yaranmu da yawa haka suke fama su kaɗai ba mai duba musu.