Abin da rinin gashi ya koya mini game da fatar mata

Yawancin matan da ke shigowa shagona a Unguwar Rimi, Kaduna, don rinin gashi da launinsu suke zuwa a hannu, ko dai hoto a waya ko kwalin dayis da suka sayo a Kasuwar Sheikh Gumi. Sai mace ta miƙo ta ce, "Anti, irin wannan nake so." Matar da ke jikin kwalin kuwa sau da yawa Baturiya ce, gashinta tun asali mai haske ne. Namu baƙi ne. A ma'aunin masu rini, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, baƙi wuluk shi ne 1, fari-farin Turawa shi ne 10, gashin mafi yawanmu kuma yana tsakanin 1 da 2. Duk wanda ya taɓa leƙa marina ya san ba a tsoma baƙin yadi a fito da shi rawaya. Sai an fara cire baƙin, a nan kuma aikin yake.

Uwar ɗakina da ta koya mini sana'ar ba ta taɓa buɗe kwali mace na zaune a cikin shago ba. Sai ta ce, "Hajiya, taso mu je bakin ƙofa." Hasken ƙwan lantarki yana rufe gaskiyar fata: farin ƙwai yana sa mace ta yi toka-toka, jan ƙwai yana ƙara mata ja. A hasken rana, cikin inuwa, ake ganin ainihinta. Kuma ba kumatu kaɗai ake dubawa ba. Ana duba wuya, da bayan kunne, da saman ƙirji, saboda mata da yawa suna shafa man bilicin, fuska ta yi haske wuya na nan yadda Allah ya yi shi. Idan kika zaɓi launi don fuskar da mai ya gyara, ranar da man ya ƙare ko aka daina shi, gashin ya koma baƙo a kan mai shi.

Mutane sun saba raba mata gida uku: baƙa, wankan tarwaɗa, fara. Wannan rabon bai ishe ni aiki ba. Za ki ga mata biyu duk wankan tarwaɗa, amma ɗaya akwai ja a ƙarƙashin fatarta, ɗaya kuma rawaya-rawaya ce. A littattafan koyarwa na Turai ana cewa a duba jijiyar wuyan hannu, a ga ko shuɗiya ce ko kore. A fatarmu jijiyar ba ta cika fitowa ba, don haka na bar wannan. Abin da nake yi shi ne in tambayi mace wace atamfa ce idan ta sa ake ce mata ta yi kyau, kuma sarƙar gwal ce ta fi karɓarta ko ta azurfa. Wadda gwal da ruwan goro da ruwan ƙasa ke haskawa, ita ce launin zuma da jan ƙarfe da ruwan cakulan ke yi wa kyau. Wadda azurfa da shuɗi da ruwan hoda suka fi karɓa, ita nake kai wa jan da ya yi duhu ya karkata zuwa shunayya, ko baƙin da ke da ɗan shuɗi a cikinsa.

Ina ajiye guntayen gashin kanti a aljihun tebur, ba don sakawa ba, don gwaji. Abokan aikinmu na Barnawa da Sabon Tasha da lamba suke kiransu: 1 baƙi wuluk, 1B baƙin da ya fi kama da na halitta, 4 ruwan cakulan, 27 ruwan zuma, 30 ja-ja mai haske, 33 ja mai duhu, 99J jan zoɓo, 613 kuma fari-farin nan. Sai in ɗora su ɗaya bayan ɗaya a gefen fuska, in ba mace madubi, in yi shiru. Wanda ya dace, ido ne ke fara fitowa, fata ta yi sumul. Wanda bai dace ba, duhun ƙarƙashin ido da tabon ƙuraje ne ke fara bayyana.

A nawa ganin, an daɗe ana zaluntar baƙaƙen mata da cewa launi ba ya karɓarsu. Ban ga fatar da 99J da 33 ke yi wa kyau kamar baƙa mai sheƙi ba. Farare ne ma suka fi shiga matsala: 27 a kan farar mace mai rawaya a fata yakan haɗe gashi da fuska su zama abu ɗaya, har a tambaye ta ko ba ta da lafiya. Wurin da na fi taka-tsantsan shi ne launin da ya yi daidai da fatar sak. Gara ya ɗara ta duhu ko ya ɗara ta haske, ko da kaɗan ne.

Iyayenmu masu furfura su ne suka fi zuwa, kuma kusan dukkansu baƙi wuluk suke nema. A kan fuskar da ta kai shekara hamsin, baƙin nan yana fito da kowace tamoji, kuma da yake gashi na tsiro kamar santimita 1 a wata, kafin sati huɗu farin layi ya fito a goshi, daidai inda ɗankwali ke zamewa. Nakan ce, "Mama, mu sassauta shi kaɗan." Ruwan ƙasa mai duhu yana rufe furfura ba tare da ya tona asirin kansa ba. Wannan ma ya zo daidai da abin da aka koya mana a islamiyya: a Risala an karhanta rina gashi da baƙi, an ce babu laifi a yi da lalle. Lallen gargajiya yana mayar da furfura ja-ja, a kan baƙin gashi kuwa sai an shiga rana ake ganinsa. Wadda ba ta son jan, ana haɗa lallen da garin baba, ganyen nan na masu rini, sai ya sauko zuwa ruwan ƙasa mai duhu.

Amma ko launi ya dace da fata, gashin ne ke da maganar ƙarshe. Ruwan da ake haɗa dayis da shi ƙarfinsa hawa-hawa ne, 10, 20, 30 da 40, wato kashi 3, 6, 9 da 12 cikin ɗari na sinadarin da ke cire launi. Mai lamba 20 ba ya ɗaga gashi fiye da hawa ɗaya ko biyu a ma'aunin nan na 1 zuwa 10. Baƙin gashi kuma idan ana cire masa launi, ja yake fara zama, ya koma ruwan lemo, kafin ya kai rawaya. Shi ya sa wadda ta sayi kwalin ruwan zuma ta shafa a gida take wayar gari da kai kamar an zuba manja. Idan kuma akwai tsohon baƙin dayis a kan, sabon rini ba ya ɗaga shi: saiwa ta yi haske, jela na nan baƙa. Don haka nake tambaya, yaushe aka sa rilaksa, man nan na miƙar da gashi, yaushe aka yi lalle, wane iri. Bayan rilaksa ina jiran aƙalla sati biyu, kuma ba na sa bilicin a gashin da ya sha ta, musamman da hunturu, lokacin da ko ba a taɓa shi ba karyewa yake.

Abin da ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kansa shi ne gwaji. Yawancin baƙin dayis, har da abin da ake kira baƙin lalle, suna ɗauke da sinadarin PPD, wanda jikin wasu ba ya jurewa: kai ya yi ƙaiƙayi, ya yi ƙuraje masu ruwa, fuska ta kumbura har ido ya rufe. Wadda baƙin lallen hannu ya taɓa tayar wa da fata ita ce ta fi kowa hatsari, domin jiki ba ya mantawa. Sai in duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kwali, in shafa ɗan kaɗan a bayan kunne, a jira awa 48.

Amare ne ke ƙin wannan jiran, su da ƙawayensu. Su kuwa sun fi kowa buƙatarsa, ga kuma wani dalilin: dilka da halawa da kurkur suna sauya hasken fata cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa nake yi wa amarya gwajin bayan kunne tun farkon gyaran jiki, launin kuma ba ma tsayar da shi sai ta kusa gamawa, a rina saura kwana uku ko huɗu kamu.