Naman Kwauri a Tukunyar Lantarki

Birnin Kebbi, Asabar, cikin hunturu.

Naman kwauri kilo 1 na karɓo wurin mahauci da sassafe, na ce ya bar mini jijiyarsa kada ya cire. Tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali ba ta son tsoka zalla. Zafinta ba ya kai wa ga tafasa mai ƙarfi, 'yar ɓararraka kawai ake gani a gefe, kuma a irin wannan zafin ne jijiya ke narkewa ta ba romo kauri da danƙo. Tsokar cinya kuwa awa 8 ta yi mata yawa, sai ta fito a bushe tana zare-zare.

Abin da mutane ke mantawa shi ne tukunyar nan ba ta suya, dahuwa kawai ta iya. Duk ƙamshin da ake nema sai an samo shi a kasko tukuna. Na yanka naman girman lemon tsami, na tsane ruwansa, na barbaɗa gishiri da masoro da fulawa cokali 2. A mai cokali 3 na soya shi, kashi uku. Idan aka zuba gaba ɗaya ruwa zai fitar, ya yi fari fat maimakon ya yi ja. A cikin man na soya albasa 'yar Aliero manya guda 2, na zuba markaɗen tumatir 5, tattasai 4 da attarugu 2, na bar shi minti 15 har mai ya taso sama. Wannan suyar ba abin tsallakewa ba ce. Ɗanyen markaɗe ko ya wuni a rufe, tsaminsa na nan daram. Daga nan na zuba ruwa kofi 1 na kankare abin da ya kama a gindin kaskon, don daɗin yana wurin.

Dankalin turawa rabin kilo da karas 4 su suka fara shiga ƙasa, domin a wannan tukunyar sun fi nama jinkirin nuna. Nama a kansu, sannan miyar, daddawa, dakakkiyar citta da tafarnuwa, da dunƙule 2. Ruwa gaba ɗaya kofi 2 ne, bai ma rufe naman ba. Murfin yana mayar da tururi ciki, kayan lambu kuma suna fitar da nasu ruwan, wanda ya cika ruwa kamar a tukunyar gas zai sauke tsululu. Kada kayan su wuce kashi biyu cikin uku na tukunya, kuma ba a sa daskararren nama daga firji sai ya saki.

Ƙarfe 8 na kunna a ƙaramin zafi. Bayan azahar wuta ta ɗauke kusan minti 40, ban taɓa murfin ba, don kowane buɗi yana ƙara wa girki kamar minti 20. Da a ce ɗaukewar wutar ta doshi awa 2, juyewa zan yi cikin tukunyar ƙarfe in ƙarasa a gawayi, saboda nama ba ya zama cikin ɗumi-ɗumi, lalacewa yake yi. Tangaran ɗin cikin tukunyar lantarkin dai ba a ɗora shi kan wuta, tsagewa zai yi.

Da la'asar na zuba kabeji da koren wake, na mayar babban zafi na minti 30. Na murƙushe dankali biyu a jikin tukunya romon ya ƙara kauri, sannan na ɗanɗana gishiri. Naman da bayan cokali ake raba shi. Karas ne kawai ya yi lugub, na yanka shi sirara, gaba sai ya kai kaurin babban yatsa. Da shinkafa 'yar gida aka ci, ragowar na juye a roba mai faɗi ta huce da wuri, ta shiga firji kafin magariba.