Daga Houston zuwa Guam: wasu takarda suke nema, wasu gonar kakanni

Duk wanda ya zauna a Houston, a jihar Texas ta Amurka, ya san cewa in ana maganar gini, to ana maganar mutanen Meziko da Honduras da Salbado da Guwatamala ne. Su ne a kan rufi cikin zafin rana, su ne wajen zuba kankare, su ne masu fenti. A hannunsu na koyi aikin wayarin irin na Amurka bayan na baro Katsina, a bakinsu kuma na tsinci ɗan Sifaniyancin da nake ji. Da kamfanin da nake wa aiki ya samu kwangila a tsibirin Guam, wanda ke ƙarƙashin Amurka, aka nemi masu zuwa, na ba da sunana. A can na tarar da sunaye irin waɗanda kunnena ya saba da su: Cruz, Perez, Camacho, San Nicolas. Coci-cocin Katolika iri ɗaya, bikin waliyyin unguwa iri ɗaya. Amma masu waɗannan sunaye a Guam wata al'umma ce dabam, Chamorro, kuma abin da ke hana su barci ya sha bamban da abin da ke hana abokaina na Houston barci.

Guam na yammacin tekun Fasifik, ya fi kusa da Manila da Tokyo nesa ba kusa ba a kan ko'ina a babban yankin Amurka. Daga Honolulu kaɗai sai ka yi kusan awa 8 a jirgi. Agogonsu yana gaban na Najeriya da awa 9, don haka in na idar da sallar asuba, mutanen gida ba su daɗe da yin isha'in jiya ba, kuma lokacin nan ne nake samun mahaifiyata a waya. Ƙidayar 2020 ta ce mutum 153,836 ne a tsibirin. Chamorro, masu asalin wurin, ba su wuce kashi ɗaya cikin uku ba, 'yan Filifin na bin bayansu kusa da kusa.

Dalilin kamannin sunayen tsohon labari ne. Matuƙin jirgin ruwa Magellan, da ke wa Sifaniya aiki, ya tsaya a nan a 1521, limaman Sifaniya suka kafa mishan a 1668, yaƙi da cututtuka suka kusa ƙarar da mutanen, kuma Sifaniya ba ta saki tsibirin ba sai a 1898 da Amurka ta karɓe shi. A tsawon zamanin nan jiragen ruwan da ke kai-komo tsakanin Akapulko ta Meziko da Manila a Guam suke yada zango. Shi ya sa ranar da aka miƙo mini wata gurasar masara aka ce sunanta titiyas, na gane 'yar'uwar wadda muke ci a bakin aiki a Texas ce.

Mutanen da ake kira Hisfanik ko Latino, wato masu asali daga ƙasashe masu jin Sifaniyanci irin abokan aikina na Houston, sun haura miliyan 62 a ƙidayar 2020, kusan kashi 19 cikin ɗari na Amurka. Mafi yawansu a Amurka aka haife su, wasu ma a Texas kakanninsu na nan tun kafin yarjejeniyar 1848 da ta yanke rabin ƙasar Meziko ta ba Amurka. Amma waɗanda na yi gumi tare da su sababbin zuwa ne, kuma da yawansu ba su da takardar zama. Akwai wani dattijo ɗan Honduras da muke kira maestro, wanda ya koya mini yadda ake lanƙwasa bututun waya ba tare da ya murɗe ba. Mutumin nan yana biyan haraji duk shekara, ya san ba zai ci fanshon tsufa daga cikinsa ba. Da mahaifiyarsa ta rasu, a waya ya kalli jana'izarta, yana zaune a bayan motarsa a wajen ajiye motoci, don in ya fita ba zai iya dawowa wurin 'ya'yansa ba. Ko tuƙi yake yi, ba ya yarda ya wuce ƙa'idar gudu, saboda tsayarwar ɗan sanda ɗaya na iya rusa abin da ya shekara yana ginawa. In wani ya faɗo daga tsani, abin da ake fara tambaya shi ne nawa asibiti zai ci, domin a duk manyan al'ummomin Amurka su ne kan gaba wajen rashin inshorar lafiya, kuma Texas na cikin jihohin da suka ƙi faɗaɗa tallafin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi.

Duk da haka, mutane ne masu hanyar gaba. Ranar Juma'a da yamma za ka ga layi a shagon tura kuɗi, kowa da ƙurar siminti a takalminsa. A 2023 kuɗin da aka tura Meziko kaɗai ya haura dala biliyan 63. Wanda ya yi shekaru yana ɗaukar bulo sai ka ga ya sayi tsohuwar akori-kura, ya ɗauki ƙannensa biyu, ya zama ɗan kwangila. 'Ya'yansu suna jefa ƙuri'a, 'yan siyasa na zuwa neman su, suna da sanatoci, kuma tun 2009 tasu, Sonia Sotomayor, ke zaune a Kotun Ƙoli. Harshensu kuwa ba ya cikin haɗari ko kaɗan: gidajen talbijin, rediyo, allon talla, har na'urar cire kuɗi tana tambayarka da Sifaniyanci.

A Guam al'amarin ya juye. Tun dokar 1950 duk ɗan Chamorro ɗan ƙasar Amurka ne, da fasfonsa a aljihu, babu mai tare shi ya tambaye shi takarda. Sai dai muddin yana zaune a tsibirin ba ya zaɓen shugaban ƙasa, wakilinsa ɗaya a majalisar wakilai ba shi da ƙuri'a a zauren, sanata kuwa babu. Har yau Guam na cikin jerin yankunan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ba su samu mulkin kansu ba.

Abin da ya fi yi musu ciwo shi ne fili. Jafan ta mamaye tsibirin daga Disamba 1941 zuwa Yuli 1944, mutane suka sha azabar aikin dole da kisa da tsarewa a sansanin Manenggon. Da sojan Amurka suka dawo aka yi murna, har gobe ana bikin 21 ga Yuli. To amma bayan yaƙin sojoji sun karɓe filaye masu yawa. Garin Sumay da ke bakin tashar ruwa ta Apra an kwashe mutanensa gaba ɗaya aka mai da su Santa Rita, wurin ya zama sansanin sojan ruwa. A arewa sansanin sojan sama na Andersen ya cinye wani babban yanki. A yau fiye da rubu'in tsibirin na bayan shingen soja.

Tsohuwar da nake haya a gidanta tana cikin waɗanda abin ya shafa. Ina ce mata Saina, yadda suke girmama manya, ita kuma tana ce mini lahi-hu, wato ɗana. Wata rana na kai ta asibiti, muna bin titin da ya bi gefen shingen soja a arewa, sai ta sa na rage gudu. Ta nuna wani kurmi da ke ciki, ta ce can mahaifinta yake noman masara da doya, can akwai bishiyoyin kwakwarsu. Ba ta ɗaga murya ba. A falonta kuwa hotunan 'ya'yanta biyu ne da jika cikin kakin soja, kuma tana alfahari da su ƙwarai. Wannan shi ne abin da baƙo ke daɗewa bai fahimta ba. Samarin Guam na shiga soja fiye da na yawancin jihohi in aka duba yawan jama'a, wasu don kishi, wasu don ita ce ƙofar da ta fi buɗewa. In sun dawo da rauni, asibitin tsofaffin sojoji cikakke babu shi a tsibirin, sai ƙaramin wurin duba marasa lafiya. Babban aiki sai an tafi Hawai.

An yi dokar raba filayen gwamnati ga 'yan asali tun 1975, hayar shekara 99 a kan dala ɗaya duk shekara. Ta kwanta ba a aiwatar ba sai da su marigayi Angel Santos suka yi zanga-zanga aka je kotu a farkon shekarun 1990. An fara karɓar takardun nema a 1995, kuma har yanzu akwai dubbai da ke jira, wasu sun mutu sun bar wa 'ya'yansu lambar layi.

In a takarda ne, al'ummomin biyu ba su yi nisa ba. Matsakaicin kuɗin shigar gida a Guam a 2019 kusan dala dubu 58 ne a shekara, na gidajen Hisfanik a Amurka kusan dubu 56. Talauci a Guam ya kai mutum ɗaya cikin biyar, na Hisfanik ya ɗan gaza haka. Mafi ƙarancin albashi a Guam dala 9.25 ne a awa, a Texas 7.25. Amma dalar Houston da dalar Guam ba ƙarfinsu ɗaya ba. Kusan duk abin da za ka sa a baki a nan jirgin ruwa ne ya kawo shi, kuma wata dokar 1920 ta ce kayan da aka ɗauko daga tashar Amurka sai jirgi mai tutar Amurka, abin da ke ƙara tsada. Tumatur da albasa da nake cika leda da su a kasuwar 'yan Meziko, a nan ƙirga su nake yi. Kuɗin wuta ya yi tsada domin da mai ake samar da ita. Haya kuwa sojoji ne suka kafa mata farashi: ana ba su alawus na gida da ya haura dala 2,000 a wata, kowane mai gida kuma su yake hange. Ma'aikacin otal a Tumon, inda masu yawon buɗe ido daga Koriya da Jafan ke sauka, ba zai iya gogayya da wannan ba. Shi ya sa za ka ga gida ɗaya da kaka da 'ya'ya da jikoki, an yi rumfar kwano a baya an ƙara ɗaki.

Akwai kuma wani tallafin wata-wata da gwamnatin tarayya ke ba tsofaffi da naƙasassu marasa hali. Ɗan Chamorro da ke Kalifoniya yana karɓa. In ya koma garinsu a Guam sai a yanke. Wannan a ganina zalunci ne tsagwaronsa, kuma yana cikin abin da ke korar mutane. A yau Chamorro da ke zaune a jihohin Amurka sun fi na tsibirin yawa, San Diego ma kamar wani gari nasu ne. Abokaina na Houston barin gida suka yi don su gina gida, suna tura kuɗi ana ɗora bulo. Ɗan Chamorro da ya tafi sau da yawa ya tafi ke nan, domin ba shi da filin da zai gina a kai, kuma duk wanda ya tafi an rage masu magana da harshen. Gwamnonin sojan ruwa sun taɓa hana yin Chamorro a makarantu, ana hukunta yara a kansa. Jikokin Saina suna jin abin da take faɗa, amma da Turanci suke amsa mata.

Abin da ya riƙe su shi ne zumunci, kuma na gan shi da idona lokacin guguwar Mawar a watan Mayu 2023. Iska ta yaye rufin kwano, ta karya turakan wuta, unguwarmu ta yi makonni cikin duhu, ruwan famfo ma ya ɗauke. Washegari kowane gida ya fito da naman da ke firji kafin ya lalace, aka hura gawayi a bakin titi, ana gashi ana rabawa. Ni da akwatin kayan aikina na bi gida-gida ina haɗa janareto yadda ba zai mai da wuta kan layi ya kashe ma'aikata ba. Babu wanda ya yarda na tafi hannu rabbana. Saina ta san ba na cin alade, sai ta ware mini tukunya dabam: jar shinkafarsu da kelaguen na kifi, wanda ake jiƙawa da lemun tsami da kwakwa da barkono. Suna kiran wannan hali inafa'maolek. Suna kuma da chenchule', gudunmawar da ake kaiwa a ambulan in an yi rasuwa ko aure ko baftisma, a rubuta a littafi wa ya kawo nawa, don a rama in nasa ya taso, kamar dai yadda iyayenmu mata ke riƙe lissafin biki. Da ƙanin Saina ya rasu aka yi dare tara ana addu'a ana ciyar da jama'a, na kai tawa ambulan, aka rubuta sunana a littafin.

Aikin da ya kawo ni kuwa na sabon sansanin Camp Blaz ne a Dededo, inda ake shirin zaunar da sojoji kusan 5,000, yawancinsu daga tsibirin Okinawa na Jafan. Yawancin abokan aikina 'yan Filifin ne da aka kawo da bizar wucin gadi. A bakin hanya nakan wuce matasan Chamorro riƙe da kwalaye suna adawa da filin harbin da aka gina kusa da Litekyan, wurin da ke da kufan kakanninsu da filayen wasu iyalai. Albashina daga wannan aiki yake fitowa, da shi nake biyan kuɗin makarantar ƙannena a gida, kuma na yarda matasan nan suna da gaskiya a kan filinsu. Ina ɗauke da abubuwan biyu tare. Wasu 'yan Chamorro ma a wurin suke aiki, suna cewa in ba soja ba wa zai ɗauke su, tun da baƙin otal ba su dawo yadda suke kafin korona ba.

Ranar Juma'a muna haɗuwa a masallacin Mangilao, jama'a kaɗan, daga ƙasashe barkatai. Naman halal sai daskararre, shi ma ba kullum ba, don haka kifi ya zama abincina. Na sabunta kwangilata, kuma ina shirin ɗauko iyalina daga Houston. Makarantun gwamnati a nan suna koyar da harshen Chamorro dole, yarana za su zauna a ajin tare da jikokin Saina. Abin da ya rage shi ne samun gida mai ɗaki uku da albashina zai iya ɗauka, kuma Saina ta riga ta sa 'yan'uwanta na Santa Rita suna tambaya mini.