Masu shirin tafiya Masar, ku ji yadda haya ta yi da ni a Alkahira

Shekaranjiya bayan isha'i wani yaro ɗan unguwar Bolari a nan Gombe ya same ni a majalisa yana ta murna, wai ya samu gurbi a Azhar kuma har an turo masa hoton ɗaki ta WhatsApp an ce ya tura kuɗi a riƙe masa. Na ce ƙanena zauna tukuna, irin hoton nan ne ya taɓa cinye min kuɗin wata biyu.

Ina nan Gombe ko biza ba ta fito ba na tura wa wani simsar kuɗi, haka suke kiran dillalin gida a can, don kawai na ga falo da kujeru da labule. Da na sauka sai ga ni a Hayyul Ashir cikin Madinat Nasr, hawa na shida kuma shi ne ƙarshen benen, ba lifta, rana na dukan rufin tun safe har magariba, ni da na taso cikin zafin Afrilu na Gombe sai da na raina kaina, kuma duk ranar da injin tura ruwa ya tsaya mu na sama ne farkon rasawa. Da Janairu ta zo kuma sanyi ya hana ni barci. Ga karatuna a Darrasa yake kusa da masallacin Azhar, kullum ina cikin cunkoso.

Amma duk wannan mai sauƙi ne akan maganar takarda. Mu nan mun saba, ka biya kuɗin shekara mai gida ya miƙo makulli, in ka samu rasit ma ka gode. Can wata-wata ake biya, sannan akwai aqdi, yarjejeniyar haya, kuma ashe rayuwarka a ƙasar a jikinta take rataye. Da na je Jawazat, ofishin shige da fice, a Abbasiya neman iƙama, wato izinin zama a ƙasar, aka ce in kawo aqdi da sunana mai hatimin Shahrul Aqari, ofishin gwamnati mai rajistar takardu. Na dawo na duba, sunan wani ɗalibi ne da ya bar ƙasar tuni. Na roƙi mai gidan mu je a sabunta, yau bukra gobe bukra, wato kullum sai gobe, daga baya na ji wai haraji yake gudu. Toh don Allah kafin ka ba da ko sisi ka tambaya, za a rubuta da sunana kamar yadda yake a fasfo? Za ka raka ni a buga hatimi? In ya fara kame-kame ka kama gabanka.

Sai ta'min, kuɗin ajiya da ake karɓa da farko. Nawa bai dawo ba, wai na lalata firij da injin wanki, alhali wallahi a lalace na tarar da su, kunya ce ta hana ni magana. Ranar shiga ka ɗauki bidiyon komai a gaban mai gidan, har mitar wuta.

Ka yi abota da bawwab, mai gadin benen, shi zai faɗa maka gas na bututu ne ko sai ka riƙa hawo da tukunya, da dalilin tashin wanda ya riga ka zama a ɗakin. In kuma kana da damar shiga Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje, ka shiga, kar girman kai ya sa ka ce ba ka zaman hostal, ni shi ya ja min. In babu, ka lallaɓa ɗakin 'yan'uwa ko sati biyu ne kana zagawa da ƙafarka.

Farashi kuwa kar ka kama wanda mu tsofaffi muke faɗa, tunda yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 mutane suka kwararo, aka kuma karya darajar fam, kuɗin Masar, a Maris 2024, haya ta yi sama sosai.

Yaron dai ya yi shiru yana ta latsa waya, can ya ɗago ya ce, Yaya ai na riga na tura rabi.