Marinarmu a Kura da marinin Japan da na gani a waya

Ni dai a marina na buɗe ido, nan Kura, kuma har yau hannuna bai taɓa komawa kalarsa ta asali ba, ko ranar sallah farcena shuɗi ne. Karofi huɗu Baba ya bar min, biyu ke aiki yanzu, ina da yara shida, uku a wajen rini uku a wajen bugu.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu, shekaranjiya da daddare ɗana ya miƙo min wani bidiyo ya ce Baba kalli wannan. Wani dattijo ne a Japan, a yankin da ake kira Tokushima, yana tsaye kan tukunyar rininsa da aka binne a ƙasa. Ya juya ruwan, ya sunkuya ya shinshina, sannan ya tsoma yatsa ya ɗanɗana. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, don haka Baba yake yi, Allah ya jiƙansa, kafin ya ce wa kowa uffan da safe sai ya je ya shinshina karofi tukuna. Su ganyen nasu sukan tara shi su riƙa yayyafa ruwa suna juyawa wajen kwana 100 har ya ruɓe, sannan su haɗa da ruwan toka, kumfar da take tasowa a sama kuma wai fure suke ce mata. Mu ma ai ganyen baba ne da toka da katsi, wato lakar gindin karofi da ake ƙonawa, a zuba a rufe a jira, kullum ana motsawa da muciya har sai ruwan ya nuna, kuma kumfar nan ita ce take gaya maka ya yi ko bai yi ba. Ka tsoma farin saƙi ka ɗago shi kore shar, kana riƙe da shi iska na bugunsa yana rikiɗewa shuɗi a gaban idonka. Shekara talatin da wani abu ina ganin wannan kuma har yanzu in aka ɗago na farko sai na tsaya na kalla.

Ba zan ɓoye ba, mu ma muna sa shunin bature. Tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, kuma shi ne ya kashe noman baba a wurare da yawa har Indiya. Yana da sauri, kwastoma kuma ba ya jira. Amma karofi ɗaya na hana a sa masa komai sai baba, ko da ba ya kawo riba.

Turkuɗi shi ne abincinmu. Saƙi ne siriri ƙwarai ake ɗinke shi layi-layi, a rina a sake rinawa har ya yi kamar baƙi, sai a kai wajen bugu a barbaɗa shuni a ɗora kan gungume, mutum biyu suna fuskantar juna suna sauke masa sanda, kana daga bakin hanya kana jin sautin kamar kiɗa. In ya gama yana ƙyalli kamar ƙarfe. Buzaye ne masu saye, na Agadas da can gaba, su naɗa rawani da shi, kuma yadda yake zuba a fata ya bar musu shuɗi a goshi su abin so ne a wajensu, wanda ba ya zuba ma ba sa ɗaukarsa da daraja.

Shi ya sa da aka rufe boda bayan juyin mulkin Nijar a 2023 muka ji jiki sosai, kaya a ɗaki an buge an naɗe a takarda babu mai ɗauka, yara biyu suka tafi noman rani ban ga laifinsu ba. Sai a Maris 2024 aka buɗe, ɗaya ya dawo.

Shi wanda ya dawo ɗin na nuna wa bidiyon jiya da safe, ya kalla har sau biyu bai ce komai ba. Da muka je karofin nan na ganyen baba zalla na ce kar ka taɓa muciya, sunkuya ka shinshina ka gaya min. Ya daɗe a sunkuye, ya ɗago ya ce Baba kamar da saura. Na shinshina ni ma, da sauran kwana biyu.